Lorna Mai Bas da Maƙabartar da Unguwa Ta Haɗiye

Ni da Lorna taubasai ne. Uwata ƙanwar babanta ce, saboda haka tun muna yara ba a raba mu da tsokanar juna. Ta ɗan girme ni, kuma har yau da muka haura saba'in ba ta taɓa barin na manta da hakan ba. Sunana Rex, tsohon mahauci ne ni. Na ajiye wuƙa da gwiwa ɗaya mai aiki, ɗayar kuwa sai da lallashi.

A arewacin Adelaide, daga Elizabeth har Gawler, ba kowa ya san cewa 'yar gidan Trenwith ce ba. Amma ka ce Lorna mai bas, sai ka ga ƙato da gemu ya gyara tsayuwa kamar an kama shi da laifi. Fiye da shekara talatin ta yi tana jan bas ɗin 'yan makaranta. Gajeriya ce, sai ta ɗora matashi a kujera kafin ta hango titi da kyau, amma murya Allah ya ba ta har da ta wasu. Tana tuƙi, ba ta ko waiwaya ba, za ta kira sunan yaron da ke kujerar ƙarshe, nan take ya saki gashin yarinyar da yake ja. Yaron da ya fito gida bai karya ba kuwa, ta san shi daga yanayin hawansa mota, kuma kullum akwai abin da za ta zaro daga jaka ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba. Da mijinta Don ya rasu, ta yi kukanta na tsawon damina guda, sannan wata safiya ta tashi ta shafe kicin ɗinta da fenti ruwan ɗorawa, ta ce zaman makoki ya isa haka.

A gonar alkama aka haife ta, kusa da Kogin Gawler. Kakan kakanmu, Jabez Trenwith, shi ya fara sare wurin. Daga Cornwall ya zo a jirgin ruwa don haƙar tagulla, ya shiga rami na 'yan watanni, ya fito ya ce shi ba gafiya ba ne, ya nemi fili ya kama noma. Da ajali ya zo, a kusurwar gonar aka binne shi, domin coci na da nisa a keken shanu. Nan aka sa matarsa Thomasine, da 'ya'yansu da ba su yi tsawon rai ba. Kakarmu Ivy takan kama hannun Lorna su je wurin, tsohuwa tana cire ciyawa, yarinya tana lilo a jikin ƙofar shingen. Lorna ba ta wuce shekara goma ba aka sayar da gonar, bayan fari ya yi ta bin juna, babanta ya koma aiki a masana'antar motoci. Gona ta yi ta sauya hannu. Wani ya zuba tumaki, wani ya shuka kayan miya, daga ƙarshe masu gina rukunin gidaje suka zo da manyan motocinsu. Mu kuwa kowa ya kama gabansa, babu wanda ya sake bi ta kan matattu.

Maganar ta taso ne ranar Kirsimeti, a gidan 'yarta. Ana zabga zafi, muna zaune a inuwar baranda, an ɗauko yayanta Clarrie daga gidan kula da tsofaffi. Clarrie ya doshi casa'in, ƙafafu sun ƙi, amma bakin nan nasa garau. Lorna tana ba jikoki labarin maƙabartar, sai ya katse ta.

"Ke dai bar yara su ci abinci. Wace maƙabarta? Ai babban kanti aka gina a kai. Jabez yana can kwance ƙarƙashin firjin daskararrun kaji."

"Ƙarya kake yi, Clarrie."

"To je ki tambayi mai kantin. Ki ce a ba ki kakanki da rabin kilon fukafukai."

Yara suka fashe da dariya. Lorna ba ta yi ba. Ta ajiye cokali, ta nuna shi da yatsa.

"Zan nemo wurin, in tura ka a keken nan naka har gaban kabarin, ka ba shi haƙuri da bakinka." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma, Rex, daina washe baki. Da kai za a je."

"Ni da wace gwiwar?"

"Da mai aikin. Ɗayar ta biyo mu a hankali."

Bayan sabuwar shekara muka fara da ofishin ƙaramar hukuma. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta yi iya ƙoƙarinta, ta buɗe mana taswirori, tsohuwa da sabuwa. Gonar dai ga ta nan a tsohuwar taswira, amma ba alamar kabari, tunda mutanen da can binne nasu suka yi ba su sanar da kowa ba. Da ta ɗora sabuwar taswira a kan tsohuwar, sai muka ga gonar ta zama unguwanni uku, da makaranta, da wurin wankin mota, da kantin da Clarrie yake faɗa.

"Kin tuna wata alama?" in ji ma'aikaciyar.

"Akwai itacen zaitun a gefe."

Yarinyar ta yi murmushi ta dubi taga. Ni ma na duba. A wannan yankin, ko'ina tsuntsu ya yi kashi zaitun ne ke fitowa.

Haka muka shiga unguwa a 'yar ƙaramar motarta, da filas ɗin shayi da pasti, gashin fulawa mai nama a ciki irin na mutanen Cornwall, a naɗe cikin tawul. A nan na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba: Lorna mai bas ta ɓata. Titunan nan duk lanƙwasa suke kamar hanjin rago, gidaje iri ɗaya, rufi iri ɗaya, kowane gida da ƙofar gareji kamar baki a rufe. Ka bi wannan ya kai ka shataletale, ka fita ka bi wancan ya maido ka shataletalen da ka baro. Akwai titin da aka sa wa suna Gaɓar Tafki, ko kududdufi babu a wurin.

"Mun wuce wannan gidan ɗazu," na ce mata.

"Ba mu wuce ba."

"To karen nan ya san mu. Dubi, ya ma daina haushi."

"Rex, in ba za ka taimaka ba, cika bakinka da pasti."

Da ta ga mota ba za ta yi ba, sai ta ce a sauka a bi gida gida. Ni na so a tsara magana tukuna, amma Lorna ba ta san kwana-kwana ba. Ƙofar farko da aka buɗe, wani saurayi ne da gajeren wando, ta dube shi ta ce, "Sannu, ɗana. Ko kuna da matattu a bayan gida?" Yaron ya rufe ƙofa a hankali, muka ji ya murza makulli.

Wata mata ta ɗauka masu wa'azi ne mu, ta ce ta gode tana da nata cocin. Wani mutum ya saurare mu tsaf, sannan ya rage murya ya ce don Allah in mun samu a kusa da shi kada mu faɗa wa kowa, yana shirin sayar da gidan. Wata tsohuwa 'yar Italiya kuwa ba ta san komai game da kabari ba, amma ba ta bar mu mun tafi ba sai da ta cika mana leda da tumatir. A makon farko mun samu tumatir, da lemon tsami, da tayin kyanwa, ba mu samu kaka ko ɗaya ba.

Ranar wata Asabar muka ƙwanƙwasa wata ƙofa, wani dogon mutum mai sanƙo ya buɗe da jariri a kafaɗa. Kafin Lorna ta yi magana ya ja da baya.

"Lorna mai bas!"

Ta ɗaga kai ta ƙare masa kallo. "Brenton. Kai ne ka liƙa cingam a gashin 'yar gidan Kowalski."

"Wallahi ba ni ba ne, Lorna."

"Kai ne. Ina gashin naka ya tafi? Alhaki ne."

Brenton ya yi dariya har jaririn ya farka. Ya shigar da mu, ya ji labari, ya ce ai wannan ba aikin ƙafa ba ne. Akwai zauren da mutanen unguwa suke hira ta waya, inda ake cigiyar karnuka da ƙorafin wanda ya ajiye mota a ƙofar wani. Ya ɗauki hoton Lorna riƙe da filas, ya rubuta abin da muke nema, ya tura.

Daga ranar nema ya tashi daga namu ya zama na unguwa. Asabar ta gaba da muka iso, mun tarar da mutane suna jiran mu a filin wasan yara: mata da keken jarirai, wasu mata 'yan Sudan ta Kudu dogaye su biyu, wani ɗan Filifin da ya zo da na'urar neman ƙarfe da bai taɓa samun inda zai gwada ta ba. Mutanen da suka shekara suna ɗaga wa juna hannu daga cikin mota, ranar suka fara sanin sunan juna. Lorna ta jera su kamar 'yan aji uku, ta raba musu tituna, ta ce wanda ya ga dutse sassaƙaƙƙe ko tsohon ƙarfen shinge ya yi kira.

Ba a jima ba aka yi kiran. A wani fili da ba a gina ba tukuna, bayan wurin wankin mota, na'urar mutumin nan ta yi ƙara. Aka share ciyawa, sai ga faffaɗan dutse a kwance, mai kusurwa huɗu, da zoben ƙarfe mai tsatsa a jiki. Lorna ta dafa ƙirji. Ni kaina sai da na cire hula.

"Kada kowa ya taɓa," in ji ta. "A je a ɗauko Clarrie."

Brenton ya je da motarsa ya ɗauko shi. Aka turo keken har gaban dutsen, jama'a suka kewaye, kowa ya sunkuyar da kai. Lorna ta ɗauko waƙar coci da muryar nan tata, matan Sudan suka kama mata da nasu harshen, wata ma har da share hawaye. Ana tsakiyar baiti na biyu na ji keken Clarrie yana girgiza. Na zaci kuka yake yi. Da na leƙa fuskarsa, ashe dariya ce ta shaƙe shi har ya kasa numfashi.

"Lorna," ya ce da ƙyar, "tsaya. Tsaya don Allah. Murfin masai ne."

Waƙa ta tsaya cak.

"Masan gidanmu ne! Ni da Baba muka ja dutsen nan muka rufe ramin da za mu tashi. Ga zoben da muka ɗaura igiya. Kin tara mutane kina yi wa salga waƙa!"

Sai ɗaya daga cikin matan Sudan ta saki wata irin dariya ta zauna daɓas a ƙasa. Shi ke nan, kowa ya ɓarke. Lorna ta tsaya hannu a ƙugu, fuska ja wur, tana ƙoƙarin ɗaure ta, amma ina. Ita ma ta bi sahu, har tana dafa kafaɗata.

"To ai shi ma ya yi wa gidanmu hidima," ta ce. "Ya cancanci baiti ɗaya."

Sai dai masan nan ya yi mana rana. Da dariya ta lafa, Clarrie ya kalli tsaunukan gabas, ya juya keken da kansa. Ya ce in nan ne masai, to gida yana gabansa kaɗan, inda injin wankin mota yake yanzu. Maƙabarta kuwa yamma take da gida, ta wajen kogi, domin in Kaka Ivy ta dawo daga can da la'asar, rana a bayanta take, ba ka ganin fuskarta sai ta iso.

"Ashe ba ƙarƙashin kaji yake ba," in ji Lorna.

"Ban ce na janye ba. Sai na gani."

Muka koma yamma. Watan Fabrairu ya shigo da zafinsa mai narka kwalta, masu taya mu nema suka ragu. Titunan yamman kuwa duk a wuri ɗaya suke ƙarewa: jerin dangar kwano ta bayan gidaje, bayanta kuma babbar magudanar ruwa da aka kewaye da waya. Mun bi gidajen layin, wasu suka bar mu muka leƙa bayan gida, ba komai sai ciyawar roba da igiyar shanya. Wasu gidajen ba mu sami kowa ba. Wata rana muna zaune a mota, iska mai zafi tana kaɗawa, Lorna ta zuba shayi ta riƙe ba ta sha ba.

"Wataƙila Clarrie ya yi gaskiya," ta ce. "In ba kanti ba, to garejin wani. Mu muka bar su, Rex. Ba wanda ya ƙwace."

Ban saba jin ta da ƙaramar murya ba. Na ce mu je gida, zafi ne yake magana.

Kwana kaɗan bayan haka Brenton ya kira ta. Wani maƙwabcinsu na layin dangar, Qurban Ali, mai aikin sa tayil, ya yi masa magana. Mutumin ɗan Hazara ne daga Afganistan, aiki yake fita tun asuba, bai cika duba zauren unguwa ba. Sai da yammacin nan yana nuna wa mahaifiyarsa hoton mutane tsaye a kan murfin masai don ta yi dariya, da ya bayyana mata abin da suke nema, sai tsohuwa ta tashi tsaye ta ce a kira matar nan gobe.

Muka je da hantsi. Qurban ya tarbe mu a ƙofa, muka tuɓe takalma, aka shigar da mu falo mai shimfiɗe da jan kafet da matasai a jikin bango. Lorna ta zauna a ƙasa abinta. Ni kuwa na tsaya ina lissafin yadda zan sauka da yadda zan tashi, har Qurban ya tausaya ya kawo mini kujerar roba.

"Ka gan shi nan," Lorna ta ce masa, "ƙanena ne, amma ya riga ni lalacewa."

Mahaifiyar, sunanta Nikbakht, 'yar ƙaramar tsohuwa ce da farin mayafi, fuskarta duk tamoji, idanu kuwa kamar na yarinya. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Lorna tana ta mutsu-mutsu tana son a tashi, amma tsohuwa ta ɗaga hannu: sai an sha koren shayi, an ci alewa da busassun 'ya'yan itacen da suke kira tut. Sai da ta ga ƙasan kofunanmu sannan ta miƙe, ta kama hannun Lorna, ta ja ta ta bayan gida.

A jikin dangar kwanon akwai wata 'yar ƙofa da Qurban ya yanka. Ya ce uwarsa ce ta matsa masa, wai ba za ta zauna a gidan da ba a ganin fili ba. Muka sunkuya muka fita. Tsakanin dangar da wayar magudanar ruwa akwai wani siririn fili da ya rage, wanda ba a iya hangowa daga titi, ciyawarsa ta bushe ƙamas. A tsakiyar busasshiyar ciyawar nan furanni ne tsaye, ruwan hoda, kowanne a kan doguwar sanda tsirara ba ganye ko ɗaya. Irin furen nan ne mai tushe kamar albasa, wanda yake fitowa a ƙarshen zafi lokacin da komai ya mutu. Ƙamshinsu ya cika wurin.

Lorna ta tsaya. Ta ja numfashi, ta sake ja.

"Kaka Ivy," ta ce a hankali. "A cikin bokiti take kawo su. Ni nake riƙe mata bokitin. Rex, ta yaya na manta da wannan?"

Nikbakht ta fara magana tana nuni da hannu, Qurban yana fassarawa.

"Ta ce shekarar da muka tare ta gan su. Ta ce fure ba ya yin layi da kansa. Ki duba, Anti, ba a warwatse suke ba."

Muka duba. Gaskiya ne. Furannin sun zagaye ne, sun bar tsakiya fayau, gida gida. Biyu dogaye a jere, sauran gajeru a gefensu.

"Ta ce da ta ga tsawon manyan, ta ga na ƙananan, ta san ko mene ne. Ta ce mini mutane ne a nan, na ce mata Inna, nan ƙasar ba a binne mutane a bayan gida. Ta ce ni yaro ne."

"Ta yi gaskiya," in ji Lorna, ba ta ɗauke ido daga furannin ba.

"Tun daga lokacin duk ranar Alhamis da yamma sai ta zo ta yayyafa ruwa ta yi addu'a. Ta hana jikokinta buga ƙwallo a nan. Ta ce nata iyayen da mijinta suna binne can garinsu Jaghori, ba ta san wanda yake zuba musu ruwa ba. To ita za ta zuba wa waɗannan, ko Allah zai sa wani ya zuba wa nata."

Lorna ta juyo gare ta. Sai kawai ta rungume tsohuwar, ta kusa ɗaga ta sama. Nikbakht tana bubbuga bayanta tana faɗin wani abu.

"Me ta ce?" na tambayi Qurban.

"Ta ce kun daɗe ba ku zo ba."

Ba mu taɓa ƙasar ba. Lorna ta koma wurin ma'aikaciyar nan mai fara'a, ita kuma ta kai magana gaba. Bayan 'yan makonni aka turo masana da wata na'ura mai kama da injin yankan ciyawa, wadda take leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ba. Tare da su akwai wani dattijon Kaurna, ƙabilar 'yan asalin ƙasar nan, mai suna Lester, wanda akan gayyata duk inda za a binciki ƙasa a yankin. Na'ura ta nuna kaburbura shida. A gefen waya kuma aka tono rabin dutse a kife, da aka juya shi aka wanke, ga rabin sunan Thomasine.

Murna ta kwashe Lorna, ta kama hannun dattijon tana girgizawa. "Ka gani? Mutanenmu ne farkon zuwa wurin nan!"

Lester ya dube ta ta saman tabarau. "Farko a bayan wa, 'yar'uwa?"

Kunnuwanta suka yi ja. "Bakina ya riga hankalina. Ka yi haƙuri."

"Ba komai. Naku shida ne, kin same su. Namu suna ko'ina daga nan har teku." Ya yi murmushi. "In za ku kafa allo, ku fara da sunan masu ƙasar, sannan naku ya biyo."

Haka kuwa aka yi. Hukuma ta buɗe 'yar hanya daga titi, ta kafa allon. Shinge kuwa mutanen unguwa suka ce nasu ne. Brenton ya kawo katako, Qurban ya shimfiɗa tayil a mashiga, ni aka ba ni aikin riƙe ƙusoshi da ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Ranar buɗewa siririn filin nan bai ɗauke mu ba, sai da aka bazu har cikin gidan Qurban. Lorna ta kwana biyu tana gasa pasti. Nikbakht da surukarta suka fito da tiren shinkafa da gurasarsu bolani, matan Sudan suka kawo nasu, tsohuwar nan 'yar Italiya ta zo da tukunyar taliya da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Har mutumin da yake son sayar da gida ya zo, ya ce ya fasa, wai yanzu unguwar ta yi tarihi.

Lorna da kanta ta turo Clarrie har gaban dogayen kaburburan biyu, ta taka birkin keken.

"To, bismilla. Ga shi nan. Faɗa masa."

Clarrie ya cire hula, ya gyara murya. "Jabez, ka yafe mini maganar kaji." Ya dubi dangar kwano da igiyoyin shanya da yaran da suke leƙowa. "Amma ka ga inda gonarka ta koma. Da ka sani da ka yi zamanka a rami."

Aka yi dariya, amma na ga ya daɗe riƙe da hular a cinya, bai mayar ba sai da aka zo tura shi wurin abinci.

Daga baya Lorna ta je ta tambaya ko za a yarda a binne ta a wurin idan lokacinta ya yi. Aka ce mata doka ba ta yarda a ƙara kowa ba. Na zaci za ta tayar da ƙura, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce dama layin akwai hayaniyar yara, mutum ba zai samu barci ba.

Yanzu duk Alhamis da la'asar tana can. Takan ɗauke ni in gwiwa ta yarda. Qurban ya ajiye musu benci a jikin shinge, su zauna ita da Nikbakht bayan sun yayyafa ruwa, filas biyu a tsakaninsu, ɗaya baƙin shayi da madara, ɗaya kore. Har yau wannan ba ta jin harshen waccan. Lorna tana zuba nata da Turanci, tsohuwa tana zuba nata da harshensu Hazaragi, wani lokaci ma a tare, su kuma fashe da dariya a wuri ɗaya. Ranar nan na kasa haƙuri na tambaye ta.

"Wai me kuke cewa ne haka?"

"Yau dai maganar surukai muka yi."

"Ta yaya kika san maganar surukai take yi?"

"Rex, kai namiji ne, ba za ka gane ba. Tashi ka ɗebo mana ruwa a famfon Qurban, bokitin ya ƙare."

Na tashi na ɗauki bokiti.